Ba Kowane Jini A Bayan Gida Ne Basir Ba

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Mando ya san muryar masu tallar maganin basir. Mun saba da ita har ta shiga kanmu. Da zarar an ga jini a bayan gida sai a ce basir ne, in kuwa da murɗawar ciki a ce atuni ne, a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl. 'Yan'uwa, wannan saurin raɗa wa ciwo suna yana iya cin ran tsofaffinmu.

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira iskemik kolaitis, wato kumburin babban hanji saboda jini bai isa wurin yadda ya kamata ba. Wani likitan tiyata na Ingila, Adrian Marston, da abokan aikinsa ne suka ba shi wannan suna a 1966. Kada a haɗa shi da ƙarancin jini da muka sani. Misalinsa kamar ruwan famfo ne: in ƙarfin ruwa ya ragu, gidajen da ke ƙarshen layi su ne ke fara rasawa. Haka wasu sassan babban hanji suke, musamman ta gefen hagu. In jini ya yanke musu, sai bangon hanjin ya kumbura, ya yi gyambo, ya fara zubar da jini.

Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, da masu hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya. Masu sikila ma yana samunsu. Bushewar ruwan jiki tana tayar da shi, don haka zafin Maris da Afrilu abin lura ne ga tsohon da ke shan maganin sa fitsari amma ba ya shan ruwa sosai.

Yaya za a gane shi? A lura da yadda abin ya jeru. Ciki yakan murɗa farat ɗaya, galibi ta hagu. Sai bayan gida ya matsa wa mutum. Daga nan, cikin kwana guda, sai jini ya biyo. Basir ba ya fara da irin wannan murɗawa. Atuni kuwa ƙwayoyin cuta ke kawo shi, gwajin bayan gida yakan nuna su.

Amma tabbatarwa aikin asibiti ne. Likita zai duba bugun jini, ya gwada jini da bayan gida, ya sa a ɗauki hoton siti-sikan na ciki. Sannan akwai leƙen hanji da siririyar roba mai kyamara, wanda aka fi so a yi cikin awa 48. Wannan leƙen kan kuma nuna ko kansar hanji ce ta ɓoye a bayan jinin.

Wani zai ce, ina kuɗin? Gaskiya ne, gwajin nan da tsada, kuma sau da yawa jinin basir ɗin ne kawai. Amma a auna. Yawancin waɗanda aka gane ciwonsu da wuri sukan warke cikin mako ɗaya ko biyu da ƙarin ruwa, hutar da ciki, da magani. Wanda aka yi wa jinkiri kuwa, hanjin na iya ruɓewa ya ɓule, sai tiyata ta gaggawa, ga kuɗi ninki, ga rai a hannun Allah.

Saboda haka ga shawarata. In Baba ko Mama suka yi kukan ciwon ciki na farat ɗaya tare da jini, a kai su asibiti ranar. Daga Mando, babban asibitin Kawo ba nisa. A tafi da dukan magungunan da suke sha, a faɗa wa likita lokacin da ciwon ya fara da lokacin da aka ga jini. In ya ga dole, zai tura su Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Kada a ba su maganin tsayar da zawo ko jiƙo kafin likita ya gan su.

Tsofaffi suna jin kunyar ambaton bayan gida a gaban 'ya'yansu. Ku mata masu zumunta da ke zagaya marasa lafiya, ku kuka fi iya tambayar da ɗa ba zai iya yi wa uwarsa ba. Ku tambaya, kuma in akwai gudummawa, a fara da kuɗin gwaji.