Waya, Sabis da Salula: Ina Sunan Abin da Ba a Gani?

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka katse sadarwar waya a ƙananan hukumomi 14, har da Sabon Birni da Isa, saboda 'yan bindiga. Ɗalibin Gatawa zai ce, "An ɗauke sabis." To malam, tambaye shi: mene ne aka ɗauke? Nan bayani yake tsayawa.

Kalmar waya aro ce daga Turanci, ma'anarta zaren ƙarfe, tun zamanin tangarahu da tarho. Ta hannu, wadda ta bazu a Nijeriya daga 2001, ba ta da zare ko ɗaya, amma sunan ya zauna. A ganina a bar shi, haka ma kati da caji. Ƙirƙiro musu sababbin sunaye ɓata lokaci ne.

Giɓin yana ga abin da ido bai gani. Salula ta samo asali daga kalmar da mu masu nazarin halittu muke kiran ƙwayar halitta da ita. An rarraba ƙasa gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da turken sadarwarsa, waya kuwa tana magana da turke ta igiyoyin rediyo. Turakun aka kashe a 2021. Igiyoyin ba ruwansu da iyakar ƙasa, shi ya sa wayar mutumin bakin iyaka takan kamo turken Nijar.

Malamai su tsai da shawara: turke ne, ƙarfen sabis ne, ko eriya? A zaɓi guda, a koyar da shi daga aji ɗaya na sakandare.