Maganaɗisun da Ya Tayar da Hankalin Kamfanonin Mota

A watan Afrilun 2025 ƙasar Sin ta ce ba mai fitar da wasu ma'adinai bakwai daga cikinta sai da izini, ciki har da disfirosiyam da tarbiyam. Nan take hankalin kamfanonin mota a Turai da Amurka ya tashi, domin da waɗannan ake ƙarfafa maganaɗisun da ke juya injin motar lantarki.

Masato Sagawa na Japan da John Croat na kamfanin General Motors ne suka gano wannan maganaɗisu, kowa a nasa ɗakin bincike, sakamakonsu ya fito a 1984. Haɗin niyodimiyam ne da baƙin ƙarfe da boron. A kasuwa ba wanda ya kai shi ƙarfi, sai dai ba ya son zafi, injin mota kuwa da zafi yake aiki.

Idan aka sa shi ƙarƙashin madubin bincike, sai a ga ashe ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne ƙanana, kowace ba ta kai kaurin gashin kai ba, wani siririn shafi mai yawan niyodimiyam ya raba tsakaninsu, kamar bulo da siminti. Daga bakin ƙwaya lalacewa ke farawa. In shafin ya tsinke, ƙwaya ɗaya ta juya alƙiblarta, sai ta ja maƙwabtanta su bi ta, ƙarfin ya zube. Shi ya sa ake zuba ɗan tagulla ko galiyam, don shafin ya malala ya lulluɓe kowace ƙwaya.

Disfirosiyam na ƙara juriyar zafi, amma yana rage ƙarfin jan, ga tsada, kuma mafi yawansa daga kudancin Sin da jihar Kachin ta Myanmar yake fitowa. Injiniyoyin Japan suka ce tunda ciwon a baki yake, me zai sa a cika ciki da magani? Suka shafa shi a bayan maganaɗisu, suka gasa, ya tsiyaya ta tsakanin ƙwayoyi ya tsaya inda ake buƙatarsa. A 2016 kamfanonin Honda da Daido Steel suka ƙanƙanta ƙwayoyin har suka sa wa motar Freed maganaɗisu marar disfirosiyam ko tarbiyam.

Japan, wadda daga waje take sayo waɗannan ma'adinai, ta rage dogaronta da su ta hanyar ilimin ƙwayoyin maganaɗisu. A tsaunukan Jos kuwa, ƙasar da masu haƙar kuza suka zubar tana ɗauke da monazayit, wanda akwai niyodimiyam a cikinsa, kuma ɗanye ake sayar da shi. Wannan asara ce babba. Ya kamata gwamnatin tarayya ta sa kuɗi a nazarin ƙarafa a jami'o'in Zariya da Jos, ta saya musu madubai da tanderun bincike, kafin ta ƙara ba da lasisin haƙa.