Man Goge Baki Na Ganye Da Kumburin Dasashi

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Gombe, ko kuwa ya leƙa kantunan da ke Jekadafari da Pantami da Tudun Wada, zai ga yadda man goge baki mai hoton ganye ya cika kanta. Wani an zana masa ganyen darbejiya, wadda mutanen wannan yanki suka fi sani da maina, wani kanumfari, wani kuwa hoton asuwaki sukutum. Manyan kamfanoni irin su Dabur da Colgate da Close Up duk sun fito da nasu samfurin na ganye, ko da yake har yau mai saye idan ya zo cewa yake yi a ba shi makilin, domin sunan Macleans ya riga ya bi kowane irin man goge baki. Mafi yawan masu neman na ganyen abu guda ne ya kai su: suna tofar da jini idan sun goge baki da safe, an kuwa gaya musu cewa wannan man shi ne maganinsa.

To, kafin a yanke hukunci a kan magani, ya kamata a san cutar. Kullum akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Ba ragowar tuwo ba ce kawai, tarin ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Idan aka bar ta, sai dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa zub da jini da zarar an taɓa shi, baki kuma ya soma wari. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, a wannan mataki ba a cika jin zafi ba, sai mutum ya ɗauka buroshinsa ne ya yi tauri, ya ma rage goge wurin da ke jinin, alhali kuwa nan ne ya fi bukatar gugar.

Akwai wani gwaji da masana haƙori ba su daina ambatonsa ba. A shekarar 1965 wani likita mai suna Harald Löe tare da abokan aikinsa, a garin Aarhus na ƙasar Denmak, suka sami mutum 12 masu lafiyayyen dasashi, suka ce su daina tsabtace baki ɗungurungum. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dukkansu dasashinsu ya kumbura. Da aka ce su koma ga goge baki kamar da, cikin mako guda ko makamancin haka kumburin ya sauka, ba tare da an ba kowa ƙwayar magani ba. Watau abin da ya kawo cutar zaman dauɗa ne, abin da ya kore ta kuma kawar da dauɗar ne. Saboda haka mutumin Bolari da ya sayi man ganye, ya dage da goge baki safe da dare domin kada kuɗinsa su tafi a banza, ya kuma ga jini ya tsaya bayan kwana goma, bai yi ƙarya ba da ya ce ya sami sauƙi. Sai dai yabon da ya ba ganye, rabo mafi tsoka na hannunsa ne da buroshinsa.

Wannan ba yana nufin itatuwan ba su da amfani ba ne. Icen asuwaki yana ɗauke da wani sinadari, wanda shi ne ke ba shi ɗan yajin nan idan yana ɗanye, mai kashe ƙwayoyin cutar baki. Darbejiya ma tana da irin wannan aiki. Bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, tana ɗaure nama, shi ya sa tsofaffi kan kurkure baki da ruwanta. Man kanumfari kuwa yana kashe zafi na ɗan lokaci, har likitocin haƙori suna amfani da shi a wasu ayyukansu. Gwaje-gwajen da aka yi na kwatanta man ganye da man da aka saba, galibi abin da suka nuna shi ne kusan kunnen doki suke yi wajen rage dauɗa da kumburi. Ke nan man ganye na kamfanin kirki ba abin gudu ba ne. Amma wanda ya ƙara kuɗi a kansa da zaton ya sayi magani, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ga shi kuma kwalin ba ya cika faɗin yawan ganyen da aka zuba. Sau da yawa kore da ƙamshi su ne suka fi yawa.

Abin mamaki ma shi ne, ganyen da ake shigo da shi cikin kwali ana sayarwa da tsada, icensa yana nan a ƙofar masallatan Juma'a ana sayar da shi ɗauri-ɗauri, maina kuwa ga ta nan a kan kowane titi na Gombe tana ba da inuwa. Musulmi sun riƙi asuwaki a matsayin sunna tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yaba da amfani da shi tun a shekarar 1986. Matsalar ita ce yadda ake yinsa. Da yawa sukan maƙala shi a gefen baki suna taunawa suna hira, ko su yi ta dirzar haƙoran gaba da ƙarfi daga hagu zuwa dama har dasashi ya janye, su bar turame da bayan haƙora ba a taɓa ba. Asuwakin da zai yi aiki shi ne wanda aka tauna bakinsa ya yi laushi, aka bi gindin kowane haƙori a hankali ciki da waje, aka kuma yanke bakin da ya tsufa a kai a kai. Haka dokar buroshi take: mai laushi, sau biyu a yini, minti biyu kowane karo, a canja shi bayan wata uku.

Akwai kuma inda ganye da buroshi duk suke gazawa. Dauɗar da ta daɗe takan daskare ta zama kamar dutse, ruwan ɗorawa ko baƙa, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Babu man da ke narkar da ita, sai likita ya kankare ta da kayan aiki. Muddin tana nan, kumburin zai riƙa nutsewa har ya soma cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Daga nan sai haƙori ya soma girgiɗi, mutum ya wayi gari da giɓi yana ɗan shekara arba'in. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan 1 ne a duniya ke fama da wannan mataki mai tsanani. Wanda ya yi mako biyu yana goge baki yadda ya kamata amma jini bai tsaya ba, sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Asibitin Ƙwararru na Jiha ya kamata ya nufa, ba kanti ba.

Garin goge baki da ake tallarsa da lasifika a tasha, wannan wani babi ne dabam. Wani gawayi ne da gishiri da kanwa aka daka, yana haskaka haƙori ne ta hanyar kankare bayansa. Ko da an ga lambar hukumar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa. A jikin irin waɗannan magunguna akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, sai dai da Turanci ne, da ƙananan haruffa kuma.

Mai saye ya duba ko man yana da sinadarin fuloraid, domin wasu na ganye ba su da shi, shi ne kuwa ke kare haƙori daga rami. A nan sai a ware mutanen Kaltungo da kewaye, inda ruwan ƙasa yake da wannan sinadari fiye da kima har yana rina haƙoran yara. Su kam gara su nemi shawarar likita kafin su zaɓa wa ƙananan yaransu.

Masu ciwon sukari da mata masu juna biyu sun fi saurin kamuwa da kumburin dasashi, mai shan taba kuwa nasa kan yi nisa ba tare da jini ya fito ya faɗakar da shi ba. Amma wanda ba a jira da shi ko kwana ɗaya shi ne ƙaramin yaro mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, aka ga dasashinsa ya yi gyambo, bakinsa yana ɗoyi, kuncinsa ya soma kumbura. Da haka cutar noma mai cin fuskar yara take farawa, tana kuwa iya huda kunci cikin 'yan kwanaki. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Idan aka kai yaron asibiti tun cutar tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita.