Daga Gyaran Riga Zuwa Gyaran Jiki

Akwai wata hanya da ta zama sananniya a Amurka: mace ta fara da harkar tsara sutura, ta ƙare da sayar da darasin motsa jiki ta waya. Taryn Toomey tana cikin waɗanda suka bi ta. Ta yi shekaru a kamfanonin ado na Ralph Lauren da Dior, ta bar su ta koma koyar da yoga, a 2013 kuma ta kafa The Class a birnin New York. Salo ne da ake maimaita motsi ɗaya har kiɗa ya ƙare, ana tsalle, ana sakin ihu idan gajiya ta kai maƙura. Daga baya ta ɗora darussan a intanet ana biyan kuɗi duk wata, sai kullen korona na 2020 ya shigar da ita ɗakunan da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba.

A ganinmu, masu bin wannan hanya kanti kawai suka sauya, sana'ar tana nan yadda take. Wanda ya ƙware wajen tsara ado ya san haske, ya san launi, ya san inda zai tsayar da mutum don mai kallo ya ji a ransa cewa shi ma haka yake so ya zama. Wannan sha'awar ita ce hajar. Manyan ƴan kasuwa sun gane haka: a 2020 kamfanin tufafi na Lululemon ya sayi Mirror, wani madubi mai nuna darasin motsa jiki, a kan dala miliyan 500, ko da yake cinikin bai yi albarka ba, don a 2023 suka daina sayar da madubin.

Ba mu raina wannan ƙwarewa ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma mata da yawa da ba za su taɓa shiga gidan motsa jiki ba sun tashi tsaye saboda hoton ya burge su. Ita Toomey ma sai da ta yi karatun koyarwa kafin ta tara ɗalibai, abin da dubban masu kwaikwayon irinta a Instagram da TikTok suke tsallakewa.

Damuwarmu a wani wuri take. Tela yana auna mutum ne ya yanka yadi daidai jikinsa, in riga ta matse a buɗe ta. A wannan sabuwar kasuwa hoton ne ma'auni, jiki kuwa shi ake so a rage har ya shige ciki. Bidiyon da aka ɗauka a New York shi ne ƙannenmu suke kallo a Maraɗi da Kumasi da Garwa, kuma bai san wadda ta haihu wata biyu da suka wuce ba, bai san mai hawan jini ko mai ciwon gwiwa ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, kuma tafiya da sauri zuwa kasuwa, da zani da silifa, tana cikin lissafin.