Daga Rumfar Djamboutou: Ranar da Kwamfuta Ta Ce Ba Ni da Riba

Wannan makon ba zancen farashin kaya zan yi ba. Wata 'yar rigima ce ta cikin gida, wadda na san tana nan a gidaje da yawa daga Garwa har Marwa da Ngawundare.

Ɗana na biyu yana ajin ƙarshe na lise. Wata uku ya yi yana damuna in saya masa kwamfutar hannu, wai ana koya musu wani abu da ake kira C, kuma allo da alli kawai suke yi da shi. Ni kuwa niyyata daban: yana gama jarrabawa in haɗa shi da ƙanena su riƙa sauka Mubi da Yola sarin kaya. Ƙanen nawa ma cewa ya yi, "Yaya, kuɗin kwali biyar na sabulu za ka zuba a abin kallon fim?" Uwar yaron ce ta matsa, na sayi ta hannu, amma da sharaɗi: ya nuna mini amfaninta a rumfa, in ba haka ba a sayar.

Kafin ya fara sai da na sa ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce, "Baba, ɗauki kwamfuta kamar rumfarka. Akwai mai lissafi, wato kai; shi ne ƙwaƙwalwar na'ura. Akwai tebur inda kake baza kayan da kake ciniki yanzu. Shi ake kira RAM, kuma wuta na ɗaukewa an kwashe teburin. Sannan akwai sito a baya, inda kaya ke kwana. Nan ne ma'ajiya." Nan na gane abin da ya sa ake cewa a adana aiki kafin a tashi. Ya ƙara da cewa na'urar ba ta san komai ba sai 0 da 1. Takwas daga cikinsu su ne bayit ɗaya, kuma bayit ɗaya na iya ɗaukar siga 256 daban-daban. Harafi, hoto, saƙon murya na WhatsApp, duk da wannan ake gina su.

Shi C ɗin kuma yare ne na ba na'ura umarni. Wani Ba'amurke, Dennis Ritchie, ya ƙirƙiro shi a Bell Labs a 1972, kuma a 1978 shi da Brian Kernighan suka fitar da littafin da ya yaɗa shi duniya. Na ce tsohon kaya ke nan, ya girmi yayanka nesa ba kusa ba. Ya ce, "Baba, wayar Android da ke aljihunka a kan Linux take zaune, shi kuwa Linux da C aka rubuta mafi yawansa." Mutum yana rubuta umarninsa, sai wata manhaja ta yi tafinta, ta juya shi zuwa 0 da 1. Tafintar nan kyauta ce. GCC da Code::Blocks ba a biyan ko dala.

To, ranar gwaji ta zo. Bayan isha'i muka zauna a tsakar gida, ga zafin Garwa da kuka sani. Na ce kwali na saye shi sefa 10,000, ina son riba 15 cikin 100, nawa ce ribata? Ya buga, ya danna. Na'ura ta ce: 0.

Ƙanena ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. Ni ma, gaskiya, na ce a raina shi ke nan, gobe ta koma kasuwa. Yaron bai ce uffan ba. Ya ɗauki takarda yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, har wajen sha biyun dare ina jin motsinsa.

Da asuba ya tare ni. Ga abin da ya rubuta da farko:

riba = farashi * (15 / 100);

Ashe a yaren C, in ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, ana zubar da ɓurɓushin. 15 a raba 100 bai kai 1 ba, don haka ya zama 0, kuma 10,000 sau 0 ai 0 ne. Sai ya sauya tsarin:

riba = farashi * 15 / 100;

Yanzu 10,000 sau 15 ya ba da 150,000, a raba 100 ya ba da 1,500. Daidai da abin da ke kaina. Ya kuma nuna mini wani: kwalin mai sabulu 48, in an raba 10,000 sai ta ce 208, ta yi shiru a kan sauran sefa 16. Sai ka tambaye ta da alamar % take faɗa maka ragowar. Sefa 16 ba komai ba ce, amma wanda ke sauke kwali 500 ya san ta zama 8,000.

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne yadda ya yi da kuskuren. Bai ce na'ura ta lalace ba, bai ɗora wa malaminsa ba. Ya zauna ya nemo inda shi ya kauce. Shekara nawa ina neman yaron shago mai wannan hali? Kwamfuta abin da ka faɗa take yi, ba abin da kake nufi ba, kamar sabon yaron da ka aika kasuwa. Mu da muke ƙirga kuɗi da dala, mu ce dala ashirin muna nufin sefa 100, mu juya naira zuwa sefa a ka ana cikin ciniki, mun riga mun saba da irin tunanin da ake nema. 'Ya'yanmu ba baƙi ba ne a nan.

Ga shawarata ga iyaye. Koyon C ba ya bukatar na'ura mai tsada. Tsohuwa mai RAM na giga 4 ta isa, amma a gwada batirinta kafin a biya. A ba yaro aiki na gaske daga rumfa: lissafin bashi, canjin kuɗi, ƙidayar kaya. Kada a jefar da littafin bashi na takarda tukuna, kuma duk abin da na'ura ta faɗa a auna shi da lissafin ka. 'Yan mata ma a ba su dama. Ƙanwarsa ce yanzu ke karanta masa lambobi. Tun 2022 Garwa ta samu jami'arta, ga ta Ngawundare da ta Marwa, karatu ya matso kusa da gida.

Kwamfutar dai ba a sayar ba. Mun daidaita: Asabar da Lahadi da safe yana rumfa, dare nasa ne. Zancen Mubi mun ɗage shi sai sakamakon jarrabawa ya fito. Ƙanena kuma, mai dariyar nan, jiya na ji yana cewa, "Kai, in ka gama da na babanka, ka duba mini lissafin buhunan shinkafar nan."

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.