Sharhi: Ƙarshen Windows 10 da makomar kwamfutocin gwanjo a garuruwanmu

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya dakatar da tallafin kyauta da yake bai wa manhajar Windows 10, bayan shekara goma da fito da ita. Mai shagon kwamfuta a Kaboji, can cikin yankin Kontagora a Jihar Neja, bai ga wani canji ba a wannan rana. Ya tayar da janareto, na'urarsa ta kama, ya ci gaba da buga takardu da cike wa ɗalibai fom kamar kullum.

Wannan shiru shi ne abin damuwa. Kwamfutar ba ta mutu ba, amma an daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Duk wata ɓaraka da aka gano daga wannan rana za ta zauna a buɗe, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na musamman. A irin waɗannan shaguna ne kuwa jama'ar karkara ke miƙa lambar shaidar zama ɗan ƙasa, da bayanan banki, da sakamakon jarrabawa.

Duniya ta taɓa ganin illar sakaci da sabuntawa. A watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Wata biyu kafin nan Microsoft ya fitar da maganin matsalar, amma waɗanda abin ya shafa ba su ɗora shi ba.

A bisa ƙa'ida, mafita mai sauƙi ce: a koma Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021. Sauyin kyauta ne, sai dai da sharuɗɗa biyu, kuma a nan gizo ke saƙar.

Sharaɗi na farko ya shafi na'urar kanta. Windows 11 na buƙatar ma'ajiyar aiki ta gigabait 4 zuwa sama, da rumbun ajiya na gigabait 64, da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Haka kuma, a mafi yawan lokuta ƙwaƙwalwar kwamfutar, idan ta kamfanin Intel ce, dole ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake sarowa daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, ko daga Farm Centre a Kano, sun girmi wannan. Lafiyarsu ƙalau, amma an rufe musu ƙofa. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya na iya zama shara saboda wannan mataki.

Sharaɗi na biyu shi ne lasisi, kuma shi ne mutane suka fi jahilta. Wanda ya sayi kwamfuta ya mallaki ƙarfe da roba ne. Manhajar da ke cikinta izinin amfani kawai aka ba shi, bisa yarjejeniyar da akasarinmu ke amincewa da ita ba tare da mun karanta ba.

Izinin nan iri uku ne. Akwai wanda masana'anta ke haɗawa da sabuwar kwamfuta. Wannan a jikin na'urar yake, da ita yake rayuwa, da ita yake mutuwa, ba a cire shi a kai wata. Akwai wanda mutum ke saya da kuɗinsa daban, wanda zai iya ɗauke shi zuwa sabuwar na'ura matuƙar ya cire shi daga tsohuwar. Sai kuma lasisin jimla da ake sayar wa ma'aikatu da makarantu. Wannan na ma'aikatar ne, ba ya bin kwamfutar idan aka yi gwanjonta. Saboda haka mutum na iya sayen na'urar da ta fito daga wani ofishi a Turai, ya ga Windows tana aiki, alhali ba shi da haƙƙi a kanta.

Akwai wasu ƙananan ƙa'idoji da ya kamata a sani. Sauyin kyauta ba ya ɗaga matsayi: mai Home zai samu Home, mai Pro zai samu Pro. Idan aka canza babban allon cikin na'urar wajen gyara, lasisin na iya daina gane ta. Tsohuwar hanyar amfani da mabuɗin Windows 7 ko 8 don samun sabuwar manhaja kyauta kuwa, an rufe ta tun watan Satumban 2023.

Abin da aka saba a kasuwanninmu shi ne a kai na'ura wurin mai gyara, ya ɗora manhajar da aka fasa makullinta, a biya shi ɗan abin da ba a rasa ba. Araha ce da ba ta ado. Irin waɗannan manhajoji kan zo da ƙwayoyin leƙen asiri a ɓoye. Ta fuskar shari'a kuma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare manhajojin kwamfuta, ta kuma haramta karya makullin da mai haƙƙi ya sa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ita ma ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su. Hatta wanda ke da lasisin gaskiya, idan ya tilasta wa tsohuwar na'ura karɓar Windows 11 ta bayan fage, kamfanin ya ce bai yi masa alkawarin sabuntawa ba.

Microsoft ya buɗe ƙofar jinkiri. Mai kwamfutar gida na iya samun gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ta hanyar biyan dala 30, ko kuma kyauta idan ya haɗa saitunan na'urarsa da asusun Microsoft. Kamfanoni na biyan dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin na ninkawa kowace shekara har shekara uku. Makarantu sun samu rangwame: dala 1, sannan 2, sannan 4. Duk wannan sai ga mai lasisin halal, kuma jinkiri ne, ba magani ba.

Batun ya zo a daidai lokacin da jarrabawa ke komawa kan kwamfuta. Hukumar JAMB ta koma wannan tsari baki ɗaya tun 2015. A watan Afrilun 2025, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya umarci WAEC da NECO, wadda hedikwatarta ke Minna, su bi sahu. Ma'anar haka ita ce makarantun sakandare a wurare irin su Kaboji za su nemi kwamfutoci masu yawa, kuma da ɗan kuɗin da ke hannunsu, gwanjo za su nufa. Idan ba a yi hattara ba, za a cika ɗakunan jarrabawa da na'urorin da wa'adinsu ya riga ya ƙare.

Akwai hanya ta uku da ba a cika zancenta ba. Manhajojin dangin Linux, kamar Ubuntu da Linux Mint, kyauta ne, lasisinsu ya halatta kwafa da rabawa, kuma suna tafiya a kan tsofaffin na'urori. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 zuwa wannan tafarki. Ba a rasa ƙalubale ba: wasu manhajojin aiki da na'urorin ɗaukar hoton yatsa da Windows kaɗai suke aiki, kuma masu gyaran da suka iya Linux ba su da yawa a karkara. Amma ga shagon da aikinsa buga takardu da shiga intanet ne, wannan ya fi fasasshiyar manhaja aminci nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage shi ne shiri. Ya kamata Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, da ma'aikatun ilimi na jihohi su ƙididdige kwamfutocin da ke makarantu da ofisoshi, su ware waɗanda za su iya hawa Windows 11 da waɗanda ba za su iya ba. Duk kwangilar sayen kwamfuta ta ƙunshi shaidar lasisi a rubuce. Hukumomin jarrabawa su tabbatar manhajojinsu na iya aiki a kan tsari fiye da ɗaya, sannan a horar da matasa masu gyara.

Shi kuwa mai saye, kafin ya miƙa kuɗinsa, ya tambayi dillali abu biyu: shin wannan na'ura za ta ɗauki Windows 11, kuma lasisin da ke cikinta na wane ne?