Sunan Kabila A Kan Rigar Ƙwallo

Kwanan baya na ji waɗansu ɗalibai suna shawarar kafa ƙungiyoyin ƙwallo a makarantarmu, kowace a sa mata sunan kabilar masu ita: ta Badawa daban, ta Mangawa daban, ta Hausawa daban. Da na yi musu magana, sai ɗayansu ya ce, "Malam, ai ko a Turai haka ake yi, ga Slavia Prague nan." To, bari in ba shi amsa a nan, don kowa ya ji.

Gaskiyarsa, sunan kabila ne. Silabawa jinsi ne babba a gabashin Turai, cikinsu akwai mutanen Rasha, da Folan, da Cek, da Sabiya. Ɗalibai ne kamarku suka kafa Slavia a birnin Prague cikin 1892, lokacin ƙasarsu tana ƙarƙashin daular Ostiriya, harshen Jamusanci ya danne nasu. Watau suna neman kada a manta da su ne. Amma da ƙungiyar ta girma, ba ta tambayi asalin kowa ba. Ɗan ƙasarmu Peter Olayinka ya yi mata wasa daga 2018 har 2023, shi kuwa ba Basilabe ba ne.

Akwai kuma abin da abokin namu bai faɗa ba. Yugoslabiya ma'anarta ƙasar Silabawan kudu. An raɗa mata wannan suna cikin 1929 don a haɗa kan 'yan'uwa, amma daga 1991 ta tsattsage da yaƙi, yau babu ita a taswira.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ƙaramar hukumar da Gashuwa take hedkwatarta, Bade ake kiranta. A Nguru akwai unguwar Hausari, watau wurin Hausawa da Barbarci, kamar yadda a birnin Kano ake da Zangon Barebari da Tudun Nufawa. Waɗannan sunaye ina son su ƙwarai, kada a taɓa su. Suna tuna mana cewa baƙo ya zo da fataucinsa, masu gari suka ba shi masauki, har ya zama ɗan gari. Yau shiga Hausari ka ƙidaya harsunan da za ka ji.

Amma fili daban, unguwa daban. A fili sai an ci wani, kuma ranar da aka ci "Badawa" uku da nema, abin da za a kai gida ke nan, ba sunan mai tsaron gida da ya yi sakaci ba. Ku kuwa gobe malamai za ku zama, a tura ku ƙauyen da ba a jin harshenku, a ba ku 'ya'yan mutane.

Shawarata, a raba ƙungiyoyin bisa ga ɗakunan kwana ko ajujuwa. In suna ake so, ga kogin Yobe da ya bi ta Gashuwa, ga fadamun Nguru, kowa yana shan ruwansu.